Battar Babanku

Na san abin da ake faɗa a kaina in kun je Moriki biki ko ta'aziyya. Ba a faɗa a gaban idonku, sai kun ba da baya. Cewa ake uwarku ta yi wa ɓarayin daji magani, shi ya sa aka kore ta daga gari. To ku ji daga bakin mai ita, domin rabin maganar gaskiya ce, kuma irin wannan ta fi ƙarya zalla ciwo. Na tsufa, haƙora sun fara yi mini sallama, ba na so in tafi in bar ku kuna sunkuyar da kai a kan abin da ba ku san kansa ba.

Kun tashi kun gan ni ina man hannu, amma ba wanda ya tsaya ya koya a cikinku, wai yana sa tufafi warin hayaƙi. A wurin kakata na gaje shi. Man kaɗe, wato man kaɗanya, ake narkawa a tukunyar ƙasa, a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba, don in ya ƙone ya tashi daga aiki. A zuba dakakkiyar bagaruwa da aka tankaɗe, da ɓawon hano wanda ya bushe a inuwa, da ganyen darbejiya cikin tafi. A bar su suna tsuma tun hantsi har azahar, ana juyawa da icen sabara. Sai a tace da farin ƙyalle, a jefa kakin zuma don ya kama jiki, a zuba a batta a kai inuwa, kada a taɓa har sai ya yi barci. Manomin da girbi ya tsattsaga wa hannu, da mai jan guga, da matar da taɓarya ta cinye wa tafi, kwana uku in sun shafa tsagar ta haɗe. Kakata ta bar mini doka biyu. Ta farko, ba a sayar da batta, kowa ya zo da tasa a cika masa. Shi ya sa na san battar kowa a unguwarmu yadda na san fuskarsa. Ta biyu, ba a zuba wa kowa sai mai tukunya ta fara lakata ta murza a nata hannun. Har yau ina jin muryarta:

"Abin da ba ki iya sa ma hannunki, Kulu, kak ki sa shi ga na ɗan wani."

Battar babanku ƙarama ce ta ƙarfe, murfin ya loɓa inda jakinmu ya taɓa takawa. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta ishe ni. Ba ya lakata daga tsakiya kamar kowa. Babban yatsa yake sawa ya bi gefe, ya zagaya, ya zagaya, har gefen ya ƙare tas, tsakiya ta tsaya kamar tulin tuwo. Shekara talatin ina mita a kan wannan.

"Malam, mi tsakiyag ga tay yi maka? Gado za ka bar ma wani?"

"Ke dai bari," in ji shi. "Wanda yac ci gefe shina da sauran gobe."

Shekarar da abin ya faru duk kun watse, mata kuna ɗakunanku a Shinkafi da Zurmi, yayanku yana Kaura yana lodin mota, gida daga ni sai shi. Ana tsakar yankan gero, da hantsi, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji ƙarar babura da yawa daga wajen gonaki, irin ƙarar da ba a tambayar ta wa ce. Kafin in ajiye rariya mata sun fara kururuwa. Da la'asar aka kawo mini laujensa da gorar ruwa da takalmi wari guda. Muka zauna jiran a kira waya kamar yadda aka saba, mako ya wuce, ba a kira ba. Daga baya muka ji dalili: ba don fansa aka kwashe su ba, hannuwansu ake so. Mutanen dajin sun ƙwace gonaki can ciki, amfani ya nuna, suna neman masu yi musu girbi. Wanda aka kira a kansa ya san nasa yana numfashi. Ni ko wannan ban samu ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Na daina ɗora tukunya, na daina cin abin kirki, in akuya ta taɓa ƙyaure sai in tashi in leƙa.

Tsoro biyu ne a garin a lokacin, kuma ban san wanda ya fi wani ba. Akwai na daji, akwai na 'yan sa-kai. Su ɗin 'ya'yanmu ne, wasu ni na yi wa uwayensu wankan jego, amma tun da suka rataya bindiga ido ya canza. Sun kafa doka: ba burodi, ba mai, ba magani da zai fita gari ya nufi daji. Wanda aka kama sunansa infoma, ɗan rahoton ɓarayi. Wani mai shayi da aka ce an ga buhun burodi a bayan babur ɗinsa, da rana tsaka aka tasa shi gaba, teburinsa ya yi kwana huɗu a bakin hanya ba wanda ya iya taɓawa. Ba na cewa dokar ba ta da dalili. Ina dai gaya muku yadda muka rayu, gaba kura baya sayaki.

Mako uku da ɗauke shi, ranar kasuwa, Dija ta yi sallama. Za ku tuna ta, tsohuwar Bafillatanar nan mai kawo mini man shanu tun kuna zagaye da tsumma. A wannan shekarar Bafillace ba ya shiga kasuwa da kwanciyar rai, don haka ta ƙofar baya ta shigo, ta lulluɓe har goshi. Ba ta ko zauna ba. Ta sauke ƙwarya, ta ɗaga faifai, ta zaro wani ƙulli daga ƙarƙashin ganye ta miƙo mini. Tun kafin in kwance na ji loɓar murfin a tafina. Na zauna a kan turmi. Da na buɗe, gefe ya ƙare tas, ga ɗan tudu a tsakiya.

"Shina da rai," in ji Dija, murya ƙasa ƙasa. "Kusa da rugarmu anka kawo su yankan gero. Ni aka sawa in dama musu hura. Shi yag gane ni. Hannuwa nai dut sun tsage, ƙawa, jini yaka yi in ya ɗaure dame."

"To mi yas sa bai shahe sauran ba?"

"Yac ce in ya taɓa tsakiya ba ki gane shi na."

Na yi kuka, na yi dariya, duk a lokaci guda. Sai ta sake zaro wani ƙullin: ɓawon hano ne, ɗanye. Wai ya ce ya san nawa ya ƙare, tunda ba mai shiga daji ɗebowa. Ku duba mutumin nan, yana hannun masu bindiga, yana tunanin abin da ya ƙare mini a ɗaki.

Na san abin da cika battar nan yake nufi. Magani ne, kuma daji zai nufa. In aka tare Dija a hanya aka buɗe ƙwaryar, ba sai an yi tambaya ba, ƙanshin hano da kaɗe ba wanda bai san na Kulu ba ne, kuma loɓaɓɓen murfin nan yaro ma ya san mai shi. Mutum ɗaya na gaya wa, baffanku Bawa, ƙanen babanku. Ya riƙe battar hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, ya ce in cika, shi zai tsaya a bakin ƙofa. Haka aka yi. Na ɗora tukunya a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba, na toshe taga da tsumma don kada ƙanshi ya tsallaka katanga. Hayaƙi ya cika mini ido, zufa na zuba, duk takun da na ji a lungu sai in ce su ne. Ban taɓa sanin man hannu yana da ƙanshi haka ba sai ranar da na so ya yi shiru. Na lakata na murza a hannuna, na zuba, na jira ya yi barci. Da Dija ta zo karɓa na bi bayanta da ido har ta sha kwana, sannan na koma bayan ɗaki na yi amai.

Bayan mako biyu ta dawo da ita. Gefe tas, tudu a tsakiya. Na sake cikawa, da tsoro iri ɗaya, amma wannan karon har waƙa na kama kaina ina yi a kan tukunya. An gama gero, an shiga dawa, na ce in an kai dawa rumbu ai za su sako su.

Zuwa na uku, tun daga yadda ta shigo na sha jinin jikina. Ba ta dube ni ba. Ta ajiye ƙullin a bakin murhu, ba a hannuna ba. Na buɗe. An kwarfe tsakiyar da yatsu uku, an yi rami har ƙasa, gefe kuwa ga mai nan kaca-kaca an bar shi. Ba hannun babanku ba ne. Ko a mafarki ba zai yi wa batta haka ba.

"Dija, wa ab ba ki wagga?"

"Wani mai bindiga. Yac ce a ciko, jibi."

"Shi fa? Kin gane shi da idonki?"

"An matsa da su ciki, ba a bari in kai hura da kaina yanzu. Ban gane shi ba, ƙawa. Ba ni yi miki ƙarya." Sai ta kama gefen zanena. "In na koma babu ita, sun san rugarmu. Jikokina na can."

Da Bawa ya ga ramin nan bai yi kuka ba, fuskarsa ce ta ƙeƙashe. Ya juya ya fita. Washegari da azahar, na riga na ɗora tukunya, ya shigo ya ajiye wata 'yar kwalba kusa da murhu, da farin ruwa a ciki kamar madara. Nonon tinya ne, ruwan icen nan mai dafi. Wanda ya taɓa ɗigar masa a lafiyayyar fata ya san yadda yake sale ta, balle a tsagaggen hannu.

"Sun kashe shi, Yaya," ya ce. "Kin sani, na sani. Yanzu hannun da yak kashe shi na ka biɗar manki. Zuba mishi. Hannun ga ya ruɓe, kash shi ƙara ɗaukar bindiga."

"In shina da rai fa? In ƙwace mishi anka yi?"

"Mai rai ba ya sakin battatai. Shekara nawa kina ganin ta ga aljihu nai?"

Ya fita ya tsaya a ƙofa, ya bar ni da tukunya da kwalba. Ba zan yi muku ƙarya ba don ku ce uwarku waliyyiya ce. Na ɗauki kwalbar. Na cire toshiyar. Na riga na tace man, na jefa kaki, yana narkewa yana sheƙi, kuma zuciyata tana cewa zuba. Na ga hannun mutumin da ban sani ba yana kumbura, na ji daɗin ganin. Ina tsoron Bawa in ban zuba ba, ina tsoron mutanen daji in na zuba suka gane, ina tsoron abin da za su yi wa jikokin Dija, duk wannan yana yawo a kaina, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Kuma kada in ɗora wa kaina abin da ban yi ba, ba tsoron Allah ne ya fara zuwa ba, daga baya ya zo. Hannuna na hagu ne. Ina riƙe da kwalba a dama, sai na ga na hagun ya riga ya miƙe wajen bakin tukunya, yatsa a shirye, yadda ya saba shekara arba'in, yana jiran ya lakata. Sanyi ya tsattsaga mini bayan hannu a shekarar, tsaga uku, ɗaya tana jini. Na dubi tsagar, na dubi kwalbar. In na zuba ba zan iya shafawa ba. In ban shafa ba, ban san yadda ake zuba mai a batta ba, ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, hannun ba zai tafi ba. Na tsaya a haka har kakin ya gama narkewa. Sai na mayar da toshiya, na lakata, na murza a tsagar, na cika battar da mai tsabtatacce.

Bawa ya shigo ya ga kwalbarsa a cike. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Kin yi ma wanda yak kashe mijinki magani."

"Na yi abin da na iya yi," na ce. 

Dija ta karɓa ta tafi. Bawa bai kai ƙarata ba, kada ku riƙe shi da wannan. Baƙin ciki ne ya ci shi, ya zauna a majalisa ya kasa riƙe bakinsa, kuma baki shi ke yanka wuya. Kwana biyu, da azahar, 'yan sa-kai suka shigo mini gida ba sallama, su shida. Na gaba ɗan maƙwabciyarmu ne, wanda na sha cika wa uwarsa batta. Ya tambaye ni sau nawa. Na ce uku. Ya tambaye ni wa ke kaiwa. Na ce ban gane fuskarta ba, ƙaryar da na yi ke nan a duk wannan labari, kuma ba na neman gafarar kowa a kanta sai Allah. Ya ɗaga gindin bindiga, na rufe ido ina kalmar shahada, na ji fitsari yana bin ƙafata, ni mai jikoki. Tukunyar ya sauke wa, tukunyar kakata, ta tarwatse a tsakar gida. Mai unguwa ne ya shigo da gudu, rawani a hannu, ya ce tsohuwa ce kuma mijinta na daji, a bar ta ta bar gari. Kafin la'asar ina cikin mota zuwa Kaura da ƙullin kaya guda. Duk matan da na yi shekaru ina gyara wa hannu, ba wadda ta leƙo. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ba zan leƙa ba. Dija kuwa ban sake ganinta ba har yau. An ce rugarsu ta tashi. Ban san ko da ƙafarsu suka tashi ba.

Na zauna a gidan yayanku, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ba labari. Wata safiya aka ce ana sallama da Kulu mai man hannu. Gabana ya faɗi, don ba wanda ya san ni da wannan suna a Kaura. Na fita zaure na tarar da wani mutum ramamme, ya ce sunansa Ila, mutumin Galadi. Ya ce ya je Moriki an ce masa an kore ni. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye battar a gabana.

"Tare munka zauna da Malam," ya ce. "Tari yak kama shi da sanyi yas shigo, kwana shida Allah yay yi mishi cikawa. Mu munka yi mishi salla, munka rufe shi gindin wata tsamiya. Ya cika da shahada, Inna."

Na yi salati. Na riga na sani tun ranar da na ga ramin yatsu uku, amma sani daban, ji daban. Da muka lissafa watanni da malamin unguwa daga baya, ya ce kwanakin takabata sun ƙare ban ma san na shiga ba.

Ila ya ce kafin babanku ya rasu ya damƙa masa battar. Wani daga cikin masu gadinsu ya gani ya ƙwace, shi ma hannunsa a tsage yake, shi ne ya kwarfe tsakiyar, shi ne ya aika a ciko. Na ce to ashe gaskiyar mutane, ɓarawo na yi wa magani. Ya ce e, ya shafa, ba zai ɓoye mini ba. Sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini wuyan hannuwansa. Tabon igiya ne ya zagaye su, fari, ya warke sumul.

"Amma ba shi yaf fara ba. Da anka kawo ta bai yarda da ita ba, yac ce wa yas san abin da matag ga tas sa ciki. Yaj jera mu, mu tara, yas sa kowa ya buɗe hannu, yac cusa muna shi cikin gyambo da kai nai. Yaz zamna shina kallonmu hal la'asar, bindiga bisa cinya. Yac ce in ɗayanmu yay yi ko tsaki, da mu da tsohuwar da tak kawo, dut ba mu kwana." Ya yi ɗan murmushi. "Sai munka ji sanyi. Wallahi, Inna, ranan nan munka hwara barci."

Bai san da kwalbar Bawa ba, kuma ban gaya masa ba. Na zauna a zauren nan ina kallon hannuwansa, ina ta kuka. Ya yi tsammanin kukan miji nake, ya yi ta ba ni haƙuri. Bawa na aika wa labarin yadda Ila ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Bayan mako ya zo Kaura da sabuwar tukunyar ƙasa a ɗaure bayan babur, ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya gaishe ni, ya koma. Ba mu taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

To, ga abin da ya faru. Wanda ya ce muku uwarku ta yi wa ɓarawo magani, kada ku yi musu da shi, ku ce e, ta yi, mutum ɗaya. Ku ƙara masa da tara.

Battar tana cikin kwallata ta ƙasa, ƙarƙashin zanen sallah. Duk kaka nakan cika ta, in murza a hannuna tukuna, in bar ta ta yi barci. Kuma wadda ta buɗe a cikinku ta ga gefe ya ƙare, tsakiya na tsaye, kada ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Ni ce nake bin gefe.